Dokin Kara da Jar Ambulan: Sharhi a Kan Koya wa Yara Al'adun Bukukuwa ta Hanyar Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta yi zama a birnin Asunsiyon na ƙasar Paraguwai, inda ta shigar da bikin sabuwar shekara na Sinawa, wanda ake kira Bikin Bazara, cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada. A wannan zama ɗin ne kuma aka shigar da hawan daba na Kano. Da zarar an ce wata al'ada ta zama gadon duniya, masu tsara manhaja sukan shiga tambayar yadda za a koya wa yara ita, na gida da na waje. Amsar da ta fi yawo a tsakanin malaman ƙananan yara ita ce a bar yaran su kwaikwayi bikin da kansu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan amsa. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi na gida ne, watau tashe da sauran wasannin kwaikwayo na yaran Hausawa, kuma za mu ɗauki garin Shinaka na ƙaramar hukumar Goronyo, tare da maƙwabtansa na ƙasar Wurno da Raba, a matsayin wurin gwaji. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, kwaikwayo yana koyar da biki ne gwargwadon yadda ya sa yaro cikin dangantakar da bikin ya ginu a kanta. Tufafi da kayan ado su kaɗai ba su koyar da kome sai kamanni.

2.0 Bikin Bazara a Gida da Kuma a Ɗakin Karatu

Bikin Bazara yakan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, domin lissafinsa ya haɗa tafiyar wata da ta rana. Kafin ya zo akan share gida sarai, amma ranar farko ta shekara ba a shara, gudun kada a share arziki. A daren jajibere dangi na nesa da na kusa sukan taru a ci abinci tare, kuma ba a rasa kifi a wannan walima, saboda a harshen Sinanci kalmar kifi da kalmar rara lafazinsu ɗaya ne. Yara sukan gai da manya da gaisuwar shekara, manya kuwa su ba su kuɗi a cikin jar ambulan. Yaro yakan karɓa da hannu biyu, ba ya buɗewa a gaban wanda ya ba shi, mai bayarwa kuma yakan guji adadin da ke da huɗu a ciki, don lafazin huɗu ya yi kusa da na mutuwa. A rana ta 15 ake rufe bikin da daren fitilu.

To, a makarantun reno na Amurka da Ingila da sauran wurare, idan lokacin ya zo malama takan keɓe kusurwa guda ta ɗaki, ta rataye fitilun takarda, ta ajiye jajayen ambulan da tsinkayen cin abinci da kan dodo na kwali, sa'an nan ta ce wa yara su yi wasan Sinawa. Yara su yi murna, a ɗauki hoto, washegari a kwashe kaya a sa a akwati sai baɗi. Tun 1989 wata masaniyar tarbiyyar yara a Amurka, Louise Derman-Sparks, ta kira irin wannan koyarwa manhajar yawon buɗe ido, watau yara su leƙa al'adar wasu ta fuskar abinci da sutura da biki, su komo gida ba tare da sun san yadda mutanen suke zaune ba.

Mai karatu zai lura cewa kusan duk abin da muka lissafa a kan bikin ƙa'ida ce ta zaman tare ko kuwa wasa da harshe. Jar ambulan takarda ce kawai in an cire wanda ke bayarwa da wanda ke karɓa da yadda ake karɓa. Kifi kuwa abinci ne kawai ga wanda bai ji lafazin kalmar ba. Waɗannan su ne ba sa shiga akwatin malama.

3.0 Tashe a Matsayin Makaranta

Shinaka tana cikin kwarin gulbin Rima, ƙasar fadama da noman rani, inda albasa da tafarnuwa da shinkafa suke riƙe da gidaje, balle tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Ƙasa ce mai tsohon tarihin malanta: a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, can kuma aka rufe shi a 1837, a Raba kuwa aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri shekararsa a jere take da azumi da sallar azumi da layya da cika-ciki, kuma kowannensu yana da wasan da yara ke shiga cikinsa da shi. Mafi girman waɗannan shi ne tashe.

Kamar yadda aka sani a ko'ina cikin ƙasar Hausa, tashe yakan fara ne bayan azumi ya kwana 10, watau an fita daga goman marmari an shiga goman wuya. Bayan shan ruwa yara sukan kasu ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, su bi gida-gida suna wasa, maza da gwangwani ko 'yar ganga, mata da ƙwarya kife a kan ruwa, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Bari mu dubi kaɗan daga wasannin da suka fi bazuwa don mu ga irin karatun da ke cikinsu.

A wasan da ake kira Ka Yi Rawa, yaro yakan yi shigar malami, da rawani da gemun auduga da allo da buzu. 'Yan amshi su tuhume shi da yin rawa, shi kuwa ya musa. Da suka matsa, sai ya tashi ya gwada musu irin rawar da yake cewa bai yi ba, ta haka kuwa sai ga shi ya yi ta a gaban kowa. Yaron da zai buga wannan wasa ya burge, dole ya san abubuwa uku: yadda malami ke tafiya da zama da magana, da cewa rawa ba ta dace da malami ba, da kuma cewa mai kare kansa da yawan bayani yakan tona asirin kansa. Babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa ko ɗaya daga ciki.

A Mairama da Daudu 'yan mata ne ke fitowa, ɗaya da riga da hula a matsayin miji, ɗaya a matsayin amarya, sauran suna yi mata horo a kan hidimar gida da alkunya. A Jatau Mai Magani yaro yakan goyo saiwoyi da sassaƙe da ganyaye yana zayyana amfaninsu, yana kuma ba'a ga cika bakin masu tallar magani. A wani wasan yaro yakan cusa tsummoki a riga ya zama mai tumbi, a nuna ƙarshen wanda ya wuni da azumi ya zo ya yi haɗama. Ɗanda Dokin Kara kuwa doki ne na kara da yaro ke shiga cikinsa yana sukuwa da zamiya kamar mahayin ranar salla.

Wannan doki na kara ya cancanci a tsaya a kansa. Masanin halayyar yara na Rasha, Lev Vygotsky, a wata lacca da ya yi a 1933, ya kawo misalin yaron da ke hawan sanda yana ce mata doki. Ya nuna cewa a wannan lokaci ma'ana ta fara rinjayar abin da ido ke gani, ya kuma nuna cewa duk wasan da aka gina a kan riyawa yana ɗauke da ƙa'idojinsa a ciki, domin yarinyar da ta ce ita ce uwa dole ta yi abin da uwa ke yi. Yaran Hausawa sun daɗe suna tabbatar da wannan. A wasan 'yartsana 'yan mata sukan bi matakan aure ɗaya bayan ɗaya, daga lefe zuwa lalle da kai amarya da buɗar kai, har haihuwa da suna, kuma duk wadda ta tsallake mataki ƙawayenta za su tsai da wasa su gyara mata.

Idan muka tattara, za mu ga tashe yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko lokaci: ana yin sa a cikin azumi, kowa na jin yunwar da ake wasa da ita, kowa na ɗokin sallar da ake jira. Na biyu masu kallo: yaro yana kwaikwayon malami a gaban mutanen da suka san malami, watakila ma a ƙofar gidan malamin, don haka in ya kuskure za a gane, in ya dace za a yi dariya. Na uku sakamako: yaro yakan yi sallama, ya jira izni, ya yi wasa, ya karɓi abin da aka ba shi, ya yi godiya, daga baya a zauna a raba. Ashe ko da yake yana kwaikwayon tsoho ko malami, sadakar da ya karɓa ta gaske ce, ladabin da ya nuna ma na gaske ne. Yaro ba ya kallon al'adar azumi daga waje, shi ma wani sashe ne nata. Kusurwar ɗakin karatu da muka bayyana a sama ba ta da ko ɗaya daga waɗannan duwatsu.

Wannan ba ya nufin tashe ba shi da aibi. Mairama ce kaɗai ake yi wa horo, Daudu kuwa yana zaune ba a ce masa kome a kan haƙƙin matarsa. Tashen gwauro, wanda ya shahara a Kano a hannun Nalako, raha ce ga masu kallo amma tozarta ce ga wanda aka ɗaura wa igiya. Hanya mai ƙarfin koyarwa tana iya koyar da mai kyau da marar kyau da ƙarfi iri ɗaya.

4.0 Kwaikwayon Baƙo

Wani zai ce misalan da muka kawo duk na al'adar yaro ne ta gida, alhali tambayar da aka fara da ita ta shafi al'adar wasu. To, tashe yana da abin cewa a nan ma, domin akwai Macukule. A wannan wasa yaro yakan yi shigar tsumma a matsayin Bagwari, a yi ta ba'a ga cimarsa da ɗabi'unsa. Yaran da suka tashi da Macukule sun haddace shi sarai, amma babu abin da suka koya a kan Gwarawa na gaskiya, ko nomansu ko aurensu ko harshensu. Abin da ya zauna musu shi ne siffa guda ta ban dariya, wadda wasu ke girma da ita har tsufa.

A nan ya kamata mu bambanta wannan da barkwancin da ke tsakanin al'ummomi, kamar na Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa. A barkwanci abokin wasa yana nan, yana ji, yana kuma ramawa, kowa ya san iyakar da ba a ƙetarewa. Kwaikwayon wanda ba ya nan ba shi da wannan linzami. Idan aka ce wa yaran Shinaka su yi wasan Sinawa ba tare da shiri ba, abin da ya fi sauƙin fitowa shi ne jan gefen ido da yatsa, da surutun da ba harshe ba, da tsalle-tsallen finafinan faɗa. Ke nan an sami sabon Macukule, an kuma ba shi hatimin makaranta.

Batun kuwa ba na nesa ba ne kamar yadda ake zato. Sashen Hausa na gidan rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye tun 1963, Nijeriya da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, an buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci na Confucius a jami'o'in Awka da Legas, wayar hannu da cocila da sauran kayan Sin kuwa babu kasuwar ƙauyen da ba su kai ba. Yaron da ke aji ɗaya yau zai yi ciniki ko aiki da Sinawa gobe, ko ya ji labarinsu kullum. Irin hoton da aka fara dasa masa yana da muhimmanci.

5.0 Abin da Takarda da Aji Suka Rage

Kafin mu ɗora wa malami nauyin koyar da bikin wasu, ya kamata mu dubi yadda makaranta ta yi da namu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin. Marubuta kuma sun yi nasu ƙoƙari: a farkon shekarun 1970 Umaru Dembo ya fitar da Wasannin Yara, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, a 1981 kuma Muhammad Balarabe Umar ya fitar da Wasannin Tashe. Ba don irin waɗannan ayyuka ba, da wasanni da dama sun ɓace ba labari. Sai dai takarda ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce kalmomi da bayanin shiga. Idan malami ya mai da wasa abin hadda, yaro ya rubuta sunan wasa da kayan yinsa da darasinsa don cin jarrabawa, to an sake yin abin da malamar can ta yi da akwatinta, sai dai wannan karon da kayan gida.

Akwai kuma matsalar karin harshe, wadda ta fi shafar gabashin Sakkwato. Littattafan makaranta da daidaitacciyar Hausa ake rubuta su, ita kuwa ta fi kusa da Kananci. Yaron Shinaka cewa yake munka da sunka da yat tahi da ɗiyatai, inda littafi ke cewa muka da suka da ya tafi da 'yarsa. Bambancin ya wuce na lafazi, ya taɓa karin waƙa. Gaɓar farko ta munka mai nauyi ce, ta muka kuwa marar nauyi ce, haka nan yat da ya. Waƙar wasa da aka gina a kan bugun ƙwarya, in aka sauya mata nauyin gaɓoɓi sai ta yi ɗingishi. Yaron da aka tilasta wa rera wasan garinsu da karin wani gari yakan fahimci abu guda, watau na gidansu kuskure ne, na littafi shi ne daidai. Wanda aka koya wa raina nasa kuwa da wuya ya girmama na wani.

6.0 Hanyar da Ta Fi Dacewa

A ganinmu malamin da ke son yaran Shinaka su san wani abu na Bikin Bazara sai ya fara daga yawon barka da salla. Ya bar su su kwaikwaye shi da karin harshensu, wannan kaka, wannan baffa, wannan inna, waɗannan jikoki. Su da kansu za su fito da ƙa'idojin: wa ke zuwa gidan wa, wa ke durƙusawa, wa ke ba da goron salla, me ake cewa in an karɓa. Idan wannan ya zauna, sai ya gaya musu cewa akwai wata ƙasa mai nisa inda yara ke gai da kakanninsu ranar sabuwar shekara, su ma a ba su kuɗi, amma a cikin jar takarda, a karɓa da hannu biyu, ba a buɗewa sai an koma gefe. Yanzu in suka kwaikwaya, dangantaka suke kwaikwaya, wadda sun riga sun san nauyinta, sabon abu kawai shi ne yadda wasu suka tufatar da ita.

Haka zai iya gwama walimar jajiberen Sinawa da daren cika-ciki na watan Muharram, inda ake dafa wutsiyar ragon layya da aka adana, kowa ya ci ya ƙoshi da fatan shekara ta zo da wadata. Kuɗin shara da ke tsakanin taubasai a wannan wata shi ma ƙofa ce ta nuna cewa kyautar farkon shekara tana bin layin zumunci. Zancen kifi da rara kuwa yaran da suka saba da kacici-kacici da karin magana ba za su sha wuyar gane shi ba.

Abu biyu ne malami zai kiyaye. Na ɗaya, a kwaikwayi abin da mutane ke yi, kada a kwaikwayi halittarsu ko a yi wa harshensu gwalo. Gaisuwa guda ta Sinanci da aka koya daidai ta fi surutu ɗari. Na biyu, a cikin bikin akwai sassan da suka shafi bauta, kamar miƙa hadaya ga kakannin da suka mutu da sallamar abin bautar murhu. Iyayen yara a ƙasar Wurno da Raba da Goronyo ba za su yarda 'ya'yansu su kwaikwayi wannan ba, kuma suna da hujja, tun da mun riga mun ga cewa kwaikwayo shiga ne cikin abu. Irin wannan sai dai a ba da labarinsa ga waɗanda suka ɗan tasa. Yana da kyau kuma yara su ji cewa a ƙasar Sin akwai Musulmi, cikinsu har da al'ummar Hui da suka haura miliyan 10, masu azumi da salla kamar su, don kada su ɗauka ƙasa mai faɗi haka fuska guda gare ta.

7.0 Kammalawa

Duk abin da muka ba da shawara a kansa ya dogara ne ga yaron da ya riga ya san wasan gidansu, wannan kuwa shi ne abin da ke cikin haɗari. Tashe wasan dare ne, yana bukatar gari mai kwanciyar hankali da ƙofofi a buɗe. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga, harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 kaɗai ya ci rayuka fiye da 40. Uban da ke kwana da kunne a buɗe ba zai bar 'yarsa ta bi gida-gida bayan isha'i ba. A Kano ma, inda matsalar ta 'yan daba ce, rundunar 'yan sanda ta sha sanar da hana tashe a shekarun nan.

Saboda haka aikin da ke gaban masana ya fi tsara darasi a kan bikin Sinawa gaggawa. Ya kamata ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari su ɗauki wasannin yara na Shinaka da Achida da Gandi da sauran garuruwan yankin, da murya da hoto, da karin harshen masu su, tun iyaye mata da suka yi su suna nan da ƙarfinsu. Makarantun firamare kuma su ba yara fili da rana a cikin azumi, a gayyato tsofaffin unguwa su zama masu kallo, su gyara, su kuma ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ta haka za a mai da wa wasan duwatsunsa uku ko da an sauya masa sa'a. Yaron da ya hau dokin kara a gaban mutanen da suka san doki, shi ne zai iya karɓar jar ambulan da hannu biyu ya kuma san abin da ya karɓa.